Zauren da Ya Ba Titi Baya

Sharaɗi ɗaya Baba ya kafa mini kafin ya yarda ya baro Dutsi ya dawo wurina a Daura, bayan rasuwar Inna: a yi masa zaure a bakin hanya, da dakali. Idonsa ya riga ya yi rauni, da murya yake gane mutane, kuma duk rayuwarsa a ƙofar zaure ya yi ta yana amsa gaisuwa. Na ce wannan ai mai sauƙi ne.

A shekarun da aka fara shari'a ne na sami fuloti a sabon awon da aka yanka a bayan gari. Gonaki ne aka mayar unguwa, ba titi ko ɗaya, sai turakun siminti a cikin ciyawa. Amma ta gefen fulotina na yamma akwai hanya fetal, wadda Fulani ke bi da shanu, masu kekuna da masu jakuna kuma suna ratsawa zuwa kasuwa. Ni da magini muka dube ta, muka dasa zaure daidai bakinta. Ban tambayi kowa ba. Wa ke tambayar inda hanya take alhali ga ta yana gani?

Gini ya kai linta, wata safiya na tarar an shafa wa zauren jan fenti, an rubuta a dakata. Na tafi ofishin masu tsara gari raina a ɓace. Wani ma'aikaci mai farin gilashi ya ce na ci tazara.

"Wace tazara, Yallaɓai?"

"Wadda doka ta ce a bari tsakanin gini da iyaka. Ta gaba daban, ta baya daban, ta gefe daban. Kai ba ka bar ko taku ɗaya ba, Malam."

Ya ce ko in rushe, ko in rubuta takardar neman sassauci. Na zauna na cika shafi biyu, da irin Hausar da nake koya wa ɗalibai. Na kawo tsufan Baba, na kawo al'adarmu ta zaure a bakin titi don kada baƙo ya keta gida. Ni kaina da na karanta sai da ta ba ni tausayi.

Bayan mako biyu aka dawo mini da ita, wai in kawo amincewar maƙwabcin da abin ya shafa. Nan kaina ya fara ɗaurewa. Wane maƙwabci ke gare ni a bakin titi, in ba shanu ba? Na je wurin mai unguwa. Ya saurare ni tsaf, ya ce shi iyakar gonaki ya sani, wannan awon na takarda ba da shi aka yi ba. Wani abokin aikina ya ce in kai wa alƙali, tunda yanzu shari'a ake yi, kuma hanya tana da haƙƙinta a Musulunci. Wani ya ce a'a, wannan haƙƙin maƙwabci ne. Na rasa wanda na zalunta, hanya ko mutum. Kullum na je Dutsi sai Baba ya tambaye ni ko an yi wa dakalin daɓe, in ce saura kaɗan.

Zuwana na huɗu na kasa haƙuri. Na ce wa mai gilashin ya nuna mini wannan maƙwabci da ke kwana a tsakiyar titi. Bai yi fushi ba. Ya jawo taswira ya shimfiɗa, ya ɗora biro a kan lambar fulotina.

"Ga ka nan. Ga titinka."

"Titina yana yamma."

"Gabas yake, Malam. Ba a dai kai ga share shi ba."

Na juya taswirar, na sake juyawa, har na karkata kai kamar kaza. Inda na haƙa masai, inda na ɗauka can ƙuryar gida ce, nan ne gaba. Hanyar da na yi wa zaure kuwa babu ita a takarda sam. Tsohon burtali ne, an yanka shi fulotai, kuma wanda ke manne da zaurena na wani ne. Sai a lokacin na gane abin da na yi wata biyu ina roƙo. Ni ina neman a bar ni kusa da titi, su kuma suna duba ko za a bar ni in jingina da bayan gidan mutum.

Na nemo mai fulotin, wani mai sayar da dabbobi daga Kongolam, mutumin kirki. Ya yi dariya har da riƙe ciki, ya sa hannu, ya ce ko ya tashi gini zai bar mini ɗan lungu. Aka ba ni sassauci, da sharaɗin in kawar da masai ɗin daga gabas, kuma kada in sa komai a tazarar gaba. Na fito da takardar a hannu ban san ko murna zan yi ba. An bar mini zaurena, amma ban san me aka bar mini ba.

Na ɗauko Baba, ban gaya masa komai ba. Na ce a raina wa ya san ranar da mutumin zai yi gini. Shekara guda Baba ya yi yana jin daɗinsa. Makiyaya na yi masa sannu da hutawa, yana tambayarsu ruwa da ciyawa, har ya san muryoyinsu ɗaya bayan ɗaya.

Sai motar gireda ta zo ta share titin gabas, mutumin Kongolam kuma ya kawo bulo ya ta da katanga a gaban zauren. Ya cika alkawari, ya bar lungun, daidai wucewar akuya. Na ce wa Baba akwai inuwa mai kyau ta ɗaya gefen, in riƙa kai masa tabarma can. Ya ce shi ba baƙo ba ne da zai bar zaurensa ya je ya zauna a bayan gida.

Haka ya ci gaba da fitowa bayan hantsi, ya zauna a dakali, fuskarsa na kallon katangar da ba ya gani. Wata rana da la'asar na dawo daga makaranta na yi masa sallama. Ya amsa da sauri, har da gyara zama, sannan ya gane muryata.

"Au, kai ne." Ya koma ya jingina. "Wai ni kam, na yi wa mutanen garin nan wani laifi ne? Yau kwana tara ba wanda ya ce mini sannu."

Takardar sassaucin tana cikin akwatina a ɗaki, da hatiminta. Na zauna kusa da shi, gwiwata na taɓa katangar, na ce, "Ba ka yi wa kowa laifi ba, Baba. Ni ne ban tambayi inda hanya take ba."