Bargon Jurandir

Shekara goma sha ɗaya Valdomiro ya yi yana tura amalanken tsintar kwali a titunan birnin Curitiba, kuma duk inda ka gan shi, to waiga, Jurandir na biye da shi yana tari yana zaginsa. Ba dangin iya, ba na baba. Ƙarƙashin gada ne ya haɗa su: ɗaya ya yi barci, ɗaya ya yi gadin takalma.

"Tura mana, tsohon banza," in ji Jurandir. "Jaki ma ya fi ka zuciya."

"Jakin ne dai ke ciyar da kai, mai ƙirjin gwangwani."

Mutanen ƙarƙashin gada suna da doka guda da ba a takawa: duk wanda ya zo da takarda da biro, kada ka ba shi sunan kowa. Ba banza ba. An sha rubuta suna da safe, da rana motar hukuma ta zo ta kwashe barguna. Balle Jurandir, da ke da tsohuwar rigima da 'yan sanda tun ƙuruciya.

Ran nan Jurandir ya tafi sayar da gwangwanaye, sai ga wata mata, Dona Neusa, daga shirin sama wa marasa muhalli gida. Ba masaukin kwana ɗaya ba ne, in ji ta. Ɗaki naka, mabuɗi naka, ba sai ka daina shan giya ba tukuna, ga ma'aikaciyar jinya duk mako. Valdomiro ya yi ta gyaɗa kai, don ya sha jin daɗin baki irin wannan.

"Seu Valdomiro," ta kira shi da lafazin girmamawa na can, "akwai wanda kuke zaune tare? Mata, ɗan'uwa, ko aboki?"

Ga bargon Jurandir nan a naɗe kusa da ƙafar Valdomiro. Ya ɗan tura shi baya.

"Ni kaɗai ne, 'yata."

Har da alfahari ya yi a ranar, wai ya rufa wa mutuminsa asiri.

Bayan wata biyu sai ga mabuɗi. Ashe gaskiya matar take faɗa. Valdomiro ya ruga wurinta ya fayyace komai, ita kuwa ta dafe kai.

"Haba Seu Valdomiro. Da ka ce ku biyu ne, ai a lokacin akwai gida mai ɗaki biyu."

An rubuta Jurandir, amma a ƙarshen layi. Mai gidan da aka kama wa Valdomiro kuma ya kafe: mutum ɗaya, baƙo kwana biyu a mako. Valdomiro ya ce shi ya fasa.

"Karɓi, wawa," in ji Jurandir. "Ka ƙi, in fasa maka kai. Nawa na nan tafe."

Ya karɓa, kuma har gobe yana cizon yatsa. Kwana biyu duk mako Jurandir na kan katifa yana kushe kofin da Valdomiro ke dafawa, wai ruwan wanki ne. Sauran biyar ɗin yana ƙarƙashin gada, ba mai gadin takalma. Sanyin Yuli, tsakiyar hunturu a can, ya shiga ƙirjin nan, Jurandir bai kai Agusta da rai ba.

Yanzu Valdomiro ya yi ƙiba, yana da tukunyar wake da rediyo, da bargon nan a naɗe a kan kujera, ba ya yarda a wanke. Duk shekara Dona Neusa takan zo sabunta takarda, in ta kai kan tambayar nan sai ta yi ƙasa da murya.

"Rubuta kawai, 'yata," yakan ce. "Ni kaɗai ne."