Ɗan Dakon Kaka da Ƙofar Ƙarshe

Shekarata goma sha ɗaya lokacin da Kaka, mahaifiyar Ummana, ta zo daga Kaduna ta yi wata shida da mu a Hyattsville. Umma ma'aikaciyar jinya ce mai aikin yamma, don haka daga magariba gidan ya zama nawa ni da Kaka. Gidan haya a Amurka ba murhu, sai wata 'yar hitar ɗumama ɗaki mai jan ido da take jawowa gaban ƙafafunta. A lokacin Hausata ta fara zubewa. Ta yi mini magana, in amsa da Turanci, ta ja tsaki.

Abin da ya haɗa mu wani wasan kwamfuta ne mai araha, wanda mutum ɗaya tak ya ƙirƙira. Wani ɗan mutum ne ke tura akwatuna ɗaki bayan ɗaki, sai an jera su daidai ƙofa take buɗewa. Zanen ba kyau, kiɗan kuma guda ɗaya ne yake ta maimaituwa har Kaka ta sa na kashe shi. Amma an tsara ɗakunan da basira, kuma babu rubutu ko kalma ɗaya, saboda haka bai fi ƙarfinta ba. Sau da yawa ma ita ke gano hanya.

"Maigida, tura wancan gefe tukuna," in ji ta, da sunan da take tsokanata da shi. "Kai komai sai gaggawa."

Da ta ga wasan ba shi da labari, sai ta yi masa. Ta ce ɗan dako ne, wutar uwarsa ta mutu, ya fita ɗebo garwashi a kasko. Duk gidan da ya ratsa sai an sa shi kau da kaya kafin a ba shi hanya, garwashin kuwa yana ta cinyewa. Sharaɗinta shi ne in mun ci ɗaki ɗaya, ta ba ni guntun tatsuniyar, kuma in na yi tambaya da Turanci to ba ta ji ba. A haka bakina ya warware.

A ɗakin ƙarshe muka maƙale. Kwana tara muna jera akwatuna, ƙofa ko motsi. Na duba intanet na tarar masu wasan suna ta ƙorafi: kuskure ne daga mai wasan, ya watsar da aikin bai gyara ba. Ƙofar ba za ta taɓa buɗewa ba.

Ban gaya mata ba. Na ji ta a waya tana faɗa wa ƙawarta cewa jikanta ba ya barin abu a rabi, ni kuma ina tsoron ta ɗauka ragwanci ne nake fakewa da shi.

"Bar shi sai gobe, Maigida," take cewa. "Ɗan dako na jiranka a bakin ƙofa."

Haka ta koma Kaduna. Duk sanda aka miƙo mini waya, bayan gaisuwa sai ta ce, "Ta buɗe?" In ce, "Saura kaɗan, Kaka." Bayan shekara biyu ta rasu.

Na daɗe ina jin haushin mutumin da ya yi wasan. Yanzu da nake sana'ar haɗa manhaja, na san yadda aiki ke fin ƙarfin mutum ɗaya, na huce da shi. Da kaina ne ban huce ba. Da na ce, "Kaka, wasan ya lalace, ƙarasa mini tatsuniyar," da ta yi mini dariya ta ƙarasa a zaman nan. Na tambayi Umma da yayyenta, ba wanda ya taɓa jin tatsuniyar, domin Kaka saboda ni take ƙirƙirarta. Har yau ban san ko ɗan dakon ya kai wa uwarsa wutar ba.