Timoti Mai Faci da Kaset Mai Wasa Dubu

Duk wanda ya zauna Gubuchi a shekarun nan na mulkin soja ya san Timoti mai faci, ya kuma san ba a bar masa abu mai murfi a juya baya. Tun yana yaro haka yake. Rediyon babansa ya fara kwancewa, wai yana son ya ga inda mai karanta labarai yake zama, aka ba shi kashi har ranar Lahadi a tsaye ya yi sujada. Bai daddara ba. Ya kwance tocilan ɗin mamarsa, ya kwance agogon fasto, ya haɗa, ƙusa biyu suka yi saura. Da ya girma ya kafa rumfar faci a gindin dogon yaron ƙofar gidansu, mutane suka ce to madalla, yanzu in ya kwance abu aƙalla da izinin mai shi.

Sana'ar kuwa ta karɓe shi, don lokacin fetur ya gagari kowa. Masu babur suka jingine baburansu, aka jawo tsofaffin kekuna daga bayan rumbu, kowanne taya a sace. Timoti na zaune da kwanon ruwansa da famfo da gwangwanin sholisho, yana liƙe tif yana yi wa mai keke tambayoyin da ba su shafe shi ba.

Abu ɗaya ne ya fi ƙarfin sifanarsa: babansa, Baba Irmiya. Tsohon magini ne, mai zafin rai, irin wanda in bulo ɗaya ya karkace sai ya sa a rushe layin gaba ɗaya. Hawan jini ya kayar da shi a gona wata damina, ɓarin damansa ya shanye, baki ya karkace, magana ta tsaya. Da aka sallamo shi daga asibiti a Ikara, ma'aikaciyar jinya ta ja kunnen Timoti cewa a riƙa sa tsohon yana motsa hannun, in ba haka ba zai dunƙule ya sandare. To wa zai sa Baba Irmiya abin da bai yi niyya ba? Ya shige ɗaki ya juya wa ƙofa baya. Lucia, matar Timoti, ta kai tuwo da zafi ta ɗauko shi da sanyi.

Ana cikin haka Ilisha, ƙanen Timoti da ke aikin soja, ya zo hutu daga Legas da wani kwali. Na'urar gem ce, irin wadda ake jona wa talabijin, da abin dannawa mai waya, da kaset guda ɗaya tal. Unguwarsu ba wuta, don haka Timoti ya samo tsohon batirin mota ya haɗa da 'yar talabijin ɗinsa baƙi da fari. Duk ranar kasuwa sai ya ɗaure batirin a kariyar keke ya kai Makarfi caji, in an yi sa'a an kawo wuta a can. Abin da batir ya sha, shi za a lallaɓa har wani mako.

Wasan da ke cikin kaset ɗin ba wani abin a zo a gani ba ne. Bulo-bulo ne suke saukowa daga sama a hankali, wani dogo, wani mai kusurwa, ka juya su ka jera. Layi ya cika ba rami, sai ya ɓace. Shi ke nan fa. Timoti ya so ya ɓalle kaset ɗin ya ga inda bulon ke fitowa, Ilisha ya rantse in ya taɓa sai ya sa shi tsallen kwaɗo a gaban matarsa.

Wata la'asar Lucia ta fito da katifar Baba shanya, dole aka zaunar da tsohon a rumfa, fuska a murtuke. Timoti na gefe yana wasansa, yana jibga bulo yadda ya ga dama, ramuka ko'ina. Sai ya ji “Mm! Mm!” a bayansa. Kafin ya waiga, sanda ta sauka a kafaɗarsa. Baba Irmiya ne, ido jajir, yana nuna talabijin da haɓa. Magini ai ba ya iya kallon wannan ɓarna ya yi shiru, ko da bakinsa ya mutu.

“Baba, za ku gwada ne?” in ji Timoti, da wasa.

Tsohon ya fizge abin dannawa da hannun hagu.

Sai dai masu ƙera abin sun raba aikin biyu: hagu ke matsar da bulo, dama ke juya shi. Baba ya yi ta jera bulo yadda suka zo, ba juyi, abin na cinsa a rai. Ran nan haushi ya ishe shi, ya ɗauko mataccen hannun da na hagu ya ɗora a kan maɓallin, ya danna da bayan yatsa. Bulo ya juya. Lucia da ke tsaye da tsintsiya ta ce, “Yesu na gode!” ta koma ciki da gudu don kada ya ga hawayenta. Kafin a yanke dawa, babban yatsan dama ya fara motsi da kansa. Kullum da la'asar Baba zai jawo ƙafa ya fito ba wanda ya kira shi, ya zauna ya yi gini, masu jiran faci na bayansa suna ba shi shawara yana harararsu. Unguwa ta sa wa wasan suna ginin Baba.

Da Timoti mutum ne kamar kowa, da labarin ya ƙare a nan.

Akwai wani Lado a kasuwar Makarfi, mai sayar da kaset ɗin rediyo da batirin tocila, bakinsa kamar an shafa masa zuma. Wata ranar caji ya yafito Timoti, ya zaro wani kaset ruwan ɗorawa daga ƙarƙashin tebur. A jikinsa an zana jirage da 'yan dambe da motoci, an rubuta tara uku manya-manya.

“Wasa ɗari tara da casa'in da tara, Timoti. Dubu ba ɗaya! Kai kana can kana fama da guda ɗaya kamar maraya.”

Timoti ya juya kaset ɗin, ya auna shi a tafin hannu, ya kai kunne ya girgiza. Girmansu ɗaya da nasa, nauyinsu ɗaya. To ta yaya dubu ta shiga inda ɗaya ta cika? Tambayar nan ce ta kama shi, ba kwaɗayin wasa ba.

“Akwai na gini a ciki?”

“Haba! Wasa dubu a rasa na gini? Har kala-kala. Kawo naka da ɗan ciko, ka tafi da wannan.”

Mako guda Timoti na faci yana lissafin banza a kansa. Ya ce wa ransa ai Baba ma zai ji daɗi: wanda wasa ɗaya ya tayar da yatsansa, dubu ai sai ta tayar da shi tsaye. Ranar kasuwa ta zagayo, ya sa kaset ɗin Baba a aljihu bai gaya wa kowa ba.

Da ya kunna sabon, maimakon bulo sai sunaye suka cika talabijin, ƙanana, da Turanci, shafi bayan shafi. Samarin unguwa suka yi dafifi. Wannan ya ce a sa na dambe, wancan ya ce a'a, a gangara ƙasa, mai daɗin yana can. A shiga wasa, kafin a gane kansa wani ya ce a fita a ga na gaba. Batirin da yake kai su mako, kwana biyu ya yi hoton ya fara tsukewa, kuma ba wanda zai ce maka ga wasan da ya buga har ƙarshe. A zaɓe aka cinye cajin.

Timoti dai bincikensa yake, ya kuma gano abin da ya ba shi mamaki fiye da haushi. Jirgin da ya gani a farko shi ne a tsakiya, an canja masa suna. Ɗan damben nan shi ne dai, an fara shi daga wani mataki. Wasannin ba su fi a ƙirga da yatsu ba, aka yi ta maimaita su. Ya yi dariya shi kaɗai, ya ce lallai wanda ya yi wannan ya san kasuwa.

Na gini kuwa yana ciki, Lado bai yi ƙarya ba. Timoti ya nemo shi da murna ya miƙa wa Baba. Amma wannan ba ya farawa a hankali. Bulo ne ke zubowa kamar ƙanƙara. Kafin yatsan tsohon ya isa maɓalli, gini ya taɓa sama. Ya sake, haka. Ya sake, haka, har wani saurayi ya ƙyalƙyale da dariya. Timoti ya nemo wani na ginin a can ƙasa, shi ma gudu yake. Baba Irmiya ya ajiye abin dannawa a ƙasa a hankali, ya dubi ɗansa, ya kama sandarsa ya shige. Washegari da la'asar bai fito ba, haka jibi.

“Baban Irene,” in ji Lucia, wadda da sunan 'yarsu take kiransa, ta tsaya a bakin rumfa hannu a ƙugu, “ina kaset ɗin Baba?”

“Ai wannan ya fi shi. Akwai...”

“Ban tambaye ka abin da ya fi shi ba. Ka shiga ka ga hannun mahaifinka? Tuwon jiya na nan yadda na kai. Kai dai komai sai ka ga cikinsa, to shiga ka ga cikin ɗakin nan!”

Ya shiga. Baba na kwance fuska ga bango, hannun dama a kan ƙirji, yatsun sun fara komawa ciki. Kunya ta kama Timoti irin wadda bai taɓa ji ba, da tsoro a kanta.

Bai samu Lado ba sai ranar kasuwa, shi kuma ya ce ai tuni ya sayar da kaset ɗin Baba ga wani Ja'afaru mai ɗaukar hoto a Ikara, wanda ya ajiye na'urar gem a shagonsa, yara na biya su buga. Mota ba mai, ga layi a tasha, Timoti ya taka kekensa. Ya tarar Ja'afaru ya tafi ɗaukar biki, ba a san ranar dawowarsa ba. Ya koma gida hannu wofi, ya sake zuwa, ya sake, har Allah ya haɗa su. Kaset ɗin Baba na kan kanta cikin ƙura.

“Wannan? Ɗauke shi don Allah,” in ji Ja'afaru. “Yara ba sa ko kallonsa.” Da ya ga mai ruwan ɗorawa da Timoti ya kawo don musanya kuwa, idonsa ya yi haske.

Timoti bai iya rufe ciki ba. “Malam Ja'afaru, gaskiya dubun nan ba dubu ba ce. 'Yan kaɗan ne aka yi ta juyawa.”

“Na sani mana,” in ji Ja'afaru yana goge shi da hannun riga. “Yaro in ya ga lambar nan zai shigo, gobe ma ya dawo, yana ganin bai kai ga mai daɗin ba tukuna. Ni a wurina ya fi naka sau dubu.”

Timoti ya yi ta juya maganar a hanya. Bai ga inda Ja'afaru ya yi kuskure ba, bai kuma ga inda kaset ɗin ya yi wa gidansu rana ba.

Da la'asar ya jona batir, ya buɗe muryar talabijin har ƙarshe, ya koma kan facinsa kamar ba shi ba. Ɗan kiɗan wasan ginin ya shiga gida. An daɗe ba motsi. Can sai ga ƙarar sanda da jan ƙafa. Baba Irmiya ya fito, ya rame, ya zauna bai dubi kowa ba. Bulo na farko ya sauko a hankali. Ya matsar da shi da hagu. Ya so ya juya shi, yatsan dama ya ƙi. Ya tsura wa yatsan ido, ya ƙi. Sai ya ɗauko hannun da na hagu ya ɗora, ya danna da bayan yatsa, kamar ranar farko.

Timoti ya sunkuyar da kai cikin kwanon ruwa yana neman hujin da ba ya nan.

Da batir ya yi sanyi, tsohon ya ɗora tafinsa a kan kaset ɗin, ya dubi ɗansa, ya tattaro bakinsa da ƙyar. Tun faɗuwarsa ba a ji kalma sosai daga gare shi ba sai ran nan.

“Bar... shi.”

Timoti ya san halinsa, ya san alkawari ba zai riƙe shi ba. Ya jawo gwangwanin sholisho, ya shafe gefen kaset ɗin kaf, ya danna shi cikin na'urar ya riƙe har ya kama. Lucia ta ce wannan ne faci mafi hankali da ya taɓa yi.

Baba ya ci gaba da gininsa har damina uku kafin Ubangiji ya kira shi. Yana fitowa, yana cin tuwo, yana harara. Amma babban yatsan bai sake motsi da kansa ba. Da bayan yatsa ya yi ta juya bulo har ƙarshe, kuma kullum Timoti na zaune a gefe yana gani.

Na'urar na nan a ɗakin Timoti, a lulluɓe da tsohon zanen Lucia, kaset a liƙe. Wani mai keke ya taɓa tsokanarsa, ya ce wai har yau ba ya son sanin abin da ke cikinta?

“Kullum,” in ji Timoti. Ya miƙa hannu ya karɓi tayar.