Neman Ɗan Farin Iya a Ƙasar Baure

Ana idar da sallar asuba muka bar Daura, ni da Baffa, ƙanen mahaifina. Masu tambayata ina na shiga kwana biyu, ga amsarku. Ku yi haƙuri in maganar ta zo a hargitse, har yanzu jikina bai gama dawowa daidai ba.

Kakata ce ta aike mu, wadda muke kira Iya. Tun farkon damina take kwance. Wata Juma'a ina zaune kusa da ita, rediyo na wa'azi irin wanda ya yawaita tun da aka kawo shari'a, malamin yana magana kan yanke zumunci, sai na ga hawaye na gangara mata cikin kunne. Ta riƙe hannuna ta ce kafin ta auri kakanmu ta taɓa yin aure a ƙasar Baure, ta haifi namiji. Da aka yaye shi aka kai shi gidan mahaifinta, yadda ake yi wa ɗan fari. Auren ya mutu, mahaifin nata ya yi fushi ya ce kada ta sake taka masa gida, daga baya ma ya tashi ya koma wani ƙauyen da ba ta sani ba. Yanzu so take ta ga yaron, ya yafe mata kafin ta cika.

Na ce, "Iya, yaya sunansa?" Ta juya fuskarta bango. Baffa ya lallashe ta, ya yi faɗa, ya sake lallashi. Matan zamaninsu ba sa kiran sunan ɗan fari, kunya ce, kuma Iya ba za ta fara da tsufanta ba. "Yaron nan" kawai take cewa. Abin da ta ba mu shi ne sunan mahaifinta, Malam Gambo mai jakuna. Ni kuma aka haɗa ni da Baffa saboda namiji ba ya wuce zauren mutane, labarin gida kuwa a wurin mata yake.

A tasha aka cusa mu mata a kujerar baya, da buhun wake a ƙafafunmu da akuyar wata tsohuwa da ta yi ta cin bakin hijabina har Zango. Kuɗin mota ya ƙaru, direba ya ce mai ne, ko da yake rabin hanyar a gangare ya kashe injin. Gero ya fitar da kai dama da hagu, gyaɗa ta rufe ƙasa. A Zango Baffa ya sayi fura da nono wurin wata Bafulatana, furar mai yaji ce sosai, amma na kasa sha. Daga nan wayar Baffa ta daina kamawa. Tun daga lokacin tsoro ya shige ni: in Iya ta rasu muna hanya, babu mai iya gaya mana.

A Baure aka yi ta tura mu daga wannan zaure zuwa wancan, har aka kai mu wurin wani tsoho da ya yi aikin malamin haraji da ƙuruciyarsa. Ya sa aka jawo wata adaka. Takardun sun yi ja, gara ta ci gefensu, wasu da ajami wasu da boko, suna warin rumbu. Baffa ya ɗauki na ajami, ni na boko. Masu suna Gambo kuwa kamar a ƙasar aka ƙera su: Gambo maƙeri, Gambo kurma, Gambo na Tanko. Har la'asar muna dubawa, muka kwana a gidan wani abokin Baffa, da safe muka koma.

Ni na sami Gambo mai jakuna, a takardar ƙidayar gidaje, an rubuta jakunansa a gefen sunansa. Ban taɓa ganin kakan mahaifina ba, amma da na ɗora yatsa a kan layin sai tsigar jikina ta tashi. Na bi mutanen gidan ɗaya bayan ɗaya. Shi, da matarsa, da wata ƙanwarsa. Babu yaro namiji ko ɗaya. Na duba ta shekarun baya, haka. Na ce wa Baffa yaron tun yana ƙarami ya mutu ke nan, na fara kuka.

Tsohon ya yi dariya har da tari. Ya ce, "'Yar nan, share hawayenki. In masu ƙirga sun shigo gari, a rumbu ake zuba yara maza, don kada su girma a ɗora musu haraji. Ni kaina a takarda ban zo duniya ba sai da na yi gemu." Ya ce mutum ana ɓoye shi, amma gona ba ta shiga rumbu, mu duba littafin gonaki. A can muka ga gonar Gambo, gabas da garin Babban Mutum, ta yi iyaka da wata kuka da burtalin shanu. A ƙasa wani ya ƙara da wata tawada daban: jikansa ke nomawa.

Daga Babban Mutum babu mota, sai babur. Yashi ne har idon sawu, sau biyu muna sauka mu tura. Mai babur ɗin ya nuna wasu bishiyoyi can gaba ya ce bayansu Nijar ce, in muka yi sake sai mu yi azahar a ƙasar wasu. Ban yi dariya ba. Mun ga kukar tun daga nesa. Wasu dattawa na zaune a ƙarƙashinta, Baffa ya yi sallama ya tambayi gonar Gambo mai jakuna. Suka ce ai gonar Malam Jika ke nan, haka kowa ke kiransa tun yana yaro, don kakansa ne ya riƙe shi. Sai suka kalli juna, suka ce Baffa ya zauna, ni kuma aka nuna mini gidan.

Na yi sallama na shiga. Wata mata na daka ta ba ni baya. Da ta juyo, wallahi sai na zube a bakin turmi. Iya ce. Iya da wushiryarta da faɗin goshinta, amma tsaye da ƙarfinta, da taɓarya a hannu. A raina na ce shi ke nan, Iya ta rasu a Daura, ita ce ta riga ni zuwa. Na yi ta salati ina ja da baya, har matar ta tsorata ta yar da taɓaryar ta ɗebo mini ruwa.

'Yar Malam Jika ce, ana kiranta Uwani. Mahaifiyarta ta fito daga ɗaki, tana cikin takaba. Ba sai an gaya mini ba. Ya rasu farkon damina, kwanaki kaɗan bayan ya gama shuka.

Na faɗi wadda ta aiko ni. Sai tsohuwar ta ce, "Kin san sunan wannan na yanka? Hauwa'u. Sunan uwarsa ya sa mata, shi ya sa har ya koma ga Allah bai taɓa kiranta da shi ba." Hauwa'u sunan Iya ne. Ta ce wata shekara ya kai gyaɗa kasuwar Daura, ya yi tambaya har ya gano gidanmu. Ya zauna a dakalin da ke kallon ƙofarmu, ya ga Iya ta fito rakiyar baƙi, ya tashi ya dawo. Ya ce tana da 'ya'yanta da mutuncinta, ba zai je ya tsaya a gabanta ta rasa inda za ta sa idonta ba. Na san dakalin. A kansa muke wasan 'yar carafke.

Na ce, "Ya yi fushi da ita?" Uwani ce ta amsa. Ta ce duk sallar da ya yi sai ya roƙa wa "mai Daura" gafara, tun suna yara suke ji.

Suka raka mu gonar. Geron da ya shuka ya nuna, bai gani ba. Uwani ta karyo zangarniya ɗaya ta ba ni. Sai da muka wuce Zango a hanyar dawowa na tuna ban tambayi sunansa na gaskiya ba. Matarsa Malam take cewa, 'yarsa Baba, gari kuma Jika.

Mun iso bayan la'asar. Na fara duba ƙofar gida ko akwai tabarmin zaman makoki. Babu. Baffa ya tsaya a zaure ya ce ba zai iya ba, ni in shiga. Iya na kwance yadda muka bar ta. Ta ce, "Kin same shi?" Na sa mata zangarniyar a hannu. Ta shafa ta daga ƙasa har sama, ta ce, "Yaushe?" Na ce da shuka. Na gaya mata zancen dakali, da addu'ar, da sunan Uwani. Ta rufe ido har na ɗauka ta tafi. Sai na ji ta ce, a fili, yadda har Baffa ya ji daga zaure: "Allah ya jiƙan Haruna."

Abin da na koyo a tafiyar nan ba shi da yawa. Mun sha rana muna neman mutum a takardun da tun farko aka ɓoye shi daga cikinsu, alhali sunansa na nan a ɗakinmu. Shi ya ji kunyarta, ita ta ji kunyarsa, ga hanyar kuwa ko yini ba ta kai ba. In kuna da tsohuwa a gida, ku tambaye ta tun tana iya tafiya.

Uwani ta ce za ta zo ranar kasuwa. Iya ba ta cin komai sai ruwan koko, amma ta sa na wanke mata zanenta na zuwa biki, zangarniyar kuma tana ƙarƙashin matashinta. Ku taya mu addu'a ta kai ranar.