Ɗiyata a cinyar ƙanena, daga Allakaye zuwa Madawa

Mun tashi da asuba daga Allakaye, ni da ƙanena da ɗiyata. Wani kumburi ne shuɗi-shuɗi a bayan ƙafarta tun haihuwa, bana ya girma har ta fara ɗingishi. Wanzami ya ce a tsaga, ƙanena ya ce a kai ta asibitin Madawa a yi eko, wato hoton cikin jiki. Shi ya je Abijan ya dawo, ni na tsaya a aji biyar, maganarsa aka ɗauka.

Ita ce ɗiyar fari, kuma na same ta da furfura a gemu. Kun san halinmu: ba na kiran sunanta, ba na ɗaukarta gaban mutane. Kunya. Don haka shi ya ɗora ta a cinya. Hanyar Buza duk duwatsu, mota na ta jijjiga mu tare da buhunan albasa, duk ramin da muka faɗa wuyansa take riƙewa. A tasha na sayi cuku da tsada, na miƙa masa ya ba ta. Ta ce, "Na gode, Baba Ƙarami."

A asibiti likita ta shafa mata wani abu mai yauƙi, ta goga na'ura, sai ga jijiyoyin jini a telebijin, ja da shuɗi, sun cukuikuye kamar saiwar gero. Ta ce da an tsaga da jini bai tsaya ba. Allura za a yi cikin jijiyar ta tsotse. Ƙanena ya dube ni.

Da lokacin allura ya yi, likita ta leƙo baranda ta ce, "Ina babanta? Ya zo ya riƙe ta."

Ƙafata ta motsa, wallahi. Amma akwai mutanen Babankatami, maƙwabtan garinmu, a benci suna kallo, sai na sunkuyar da kai. Ƙanena ya shiga. Ina baranda ina jin kukanta, tana kiran Baba, ba ni ba. Da suka fito likita ta dafa shi: "Ɗiyarka jaruma ce." Ya yi murmushi, bai gyara mata ba.

Mun iso gida da la'asar, tana barci a kafaɗarsa, mata na ta sa masa albarka.

Abin da tafiyar nan ta koya mini: kunya ta ba wani ɗiyata ina tsaye. An ce akwai allura ta biyu bayan girbi. Na faɗa masa gaban tsohuwarmu, ranar ya zauna ya ji da gonarsa. Masu benci su yi ta kallo.