Daminar da Aka Jefa Wayata a Rumbu

Ni fa ba wanda ya nemi shawarata. Ana ba mu dogon hutu, ko jaka ban ajiye ba, Baba ya ce ni da ƙanena Habu mu haɗa kaya, sai ƙauye wajen Iya, can bayan Ɗanbatta. Wai waya ta cinye mana ƙwaƙwalwa. Na ce wace ƙwaƙwalwar, wadda malamin lissafi ya gaji da nema bai samu ba? Na sha ranƙwashi. Amma ko a lokacin na gane zancen ya wuce waya. Shekarar nan ce da kwanon masara ya fi ƙarfin mutane, a gidanmu na Rijiyar Zaki tuwo ya koma sau ɗaya a rana. Baki biyu aka rage, aka laƙa wa waya laifi.

Iya kakata ce, ita ta haifi Baba. Muna sauka ta miƙo hannu: "Mijin banza, kawo abar nan." Na kashe na ba ta, ta naɗe a tsumma ta jefa cikin rumbu. Na leƙa, wayam, ko ɓera ya yi ƙaura.

"Iya, ai yanzu wayata ce kaɗai dukiyar gidan nan."

"To dafa mana ita mu ci."

A garin ba daji. Gona manne da gona har gindin katanga, shi ya sa da damina kowace akuya tana turke, yara ke yanko musu ciyawa. Da sassafe a ba ka lauje, kai da 'ya'yan kawu ku faɗa gona. Gero ya fi mutum tsayi, kana shiga ya haɗiye ka. Dokar Iya ɗaya ce: ba a shiru a cikin gero. Ka kira na kusa da kai, "Habu hoo!" ya amsa "Na'am hoo!" shi ma ya kira na gaba, haka za a yi ta zagayawa har a cika buhu. Ita tana bakin gona tana tsinkar tafasa, kunnenta na wajenmu. Ni na ɗauka tsabar ƙauyanci ne, har muryar akuya nake yi in an kira ni.

Bayan magariba akan hura wuta a tsakar gida, a ɗora ɗanyen ganye don hayaƙi ya kori sauro. Mun ci kwaɗon tafasa, ciki bai yarda an ci komai ba. Nan Iya take zama. Ranar da ba na mantawa, ta gyara wutar ta ce, "Ku matso, ga wata tatsuniya nan tafe." Muka ce ta iso.

Wai akwai wata tsohuwa da ke zaune a cikin gero, ba ta da murya ko kaɗan. Mai Ƙwarya ake ce mata. Tana riƙe da 'yar ƙwarya mai haske, a ciki ana ganin kasuwanni, da masu rawa, da tuwo yana tururi. Wata yarinya ta je yankan ciyawa, ta hango hasken, ta leƙa. 'Yan uwanta suka kira ta, ta ce bari in ga wannan tukuna. Tsohuwa ta ja da baya, yarinya ta biyo. Aka sake kira, yanzu sunan nata ma ba ta gane shi ba.

"Ba ta kama yaro da hannu," in ji Iya, murya ƙasa-ƙasa. "Baya take ja, shi yake bin ta da ƙafarsa. Har inda ƙafa za ta nemi ƙasa ta rasa."

"Sai me, Iya?" Habu ya tambaya, ya ƙanƙame min riga.

"Sai lauje aka tsinta. Amma yaron da ke amsa kira, ba ta iya taɓa shi."

Na yi dariya na ce tsohuwar nan ko caji take sayarwa. Ba wanda ya taya ni. Ni kaina da na tashi zagayawa bayan ɗaki, sai da na ja wani ya raka ni.

Bayan 'yan kwanaki, da hantsi, muna cikin gero. Na kira, "Habu hoo!" Shiru. Na sake. Sai ƙarar ganye. 'Ya'yan kawu suka ɗauka, kowa na ƙwala sunansa, ba amsa. Kafin in fito bakin gona Iya ta yar da ƙwaryar tafasarta.

"Ya taɓa rumbu?" ta ce.

Wata 'yar kawu ta ce ta ga murfin a karkace da safe. Iya ta tattare zani ta kutsa cikin gero, ina bin ta. Ban taɓa sanin tsohuwa na gudu haka ba. Ashe duk garin wuri ɗaya ake samun sabis, wani ɗan tudu a ƙarshen gonarta. A gindin tudun kuwa akwai tsohuwar rijiya, an rufe bakinta da kara tun bara, karan ya ruɓe, ciyawa ta lulluɓe shi. 'Yan gari sun san ta. Habu ɗan birni ne.

Muka hango shi. Ya ɗaga wayata sama da hannu biyu, ido a kanta, yana tafiya a hankali kamar ana jan sa da igiya. Gabansa kaɗan ciyawar ta lotsa. Na buɗe baki zan kurma ihu, Iya ta toshe min da tafin hannu.

"In ya firgita gaba zai yi," ta raɗa min.

Sai ta saki murya yadda muke yi kullum, ba tsawa, ba gaggawa: "Habu hoo."

"Na'am hoo," bakinsa ya amsa da kansa, don ya saba. Ya tsaya. Ya sauke ido. Ƙasa ta gutsure a ƙarƙashin silifas ɗinsa, muka jira, muka jira, can muka ji ta faɗa ruwa. Na lallaɓa na fizgo shi ta wuyan riga, muka zube tare.

Ashe Ummarmu yake son kira, ya ce mata yunwa yake ji, ta zo ta ɗauke mu. Iya ba ta doke shi ba. Ta zauna a ƙasa ta rungume shi. Da yamma kawu ya jibga itace da ƙaya a bakin rijiyar. Ni kuwa tun daga ranar ban ƙara yin muryar akuya ba.

Yanzu ina da 'yar rumfar caji a bakin titi a Kano, makarantar dai mun rabu lafiya. Kullum ina ganin mutane suna tsallaka kwalta ido a waya, manya da gemu, sai in tuna Habu a bakin rijiya. Na daɗe ina ɗauka tsoratar da mu kawai Iya take yi don mu cika mata buhu. Sai daga baya na gane, tsohuwa ce da jikoki cike da gona, ba abin ba su, ba ƙafar bin kowa. Abin da take da shi kunne ne. Muddin muna surutu, ta san muna raye.

Da sallar da ta wuce na je gaishe ta. Muna zaune bakin wutar nan, ina 'yan danne-dannena, na ce bari in tsokane ta.

"Iya, yau dai ki faɗi gaskiya. Babu wata Mai Ƙwarya, ke kika ƙirƙire ta."

"Akwai ta."

"Haba! Na girma fa. Wa ya taɓa ganin ta?"

Ta kalle ni, ta kalli hasken da ke fuskata.

"Tun ɗazu nake kiran sunanka, tuwonka har ya huce, ba ka ji ba. Kai ne kuma za ka ce min babu ita?"