Injin da na jira shekara biyu

Asuba ta yi mana a tasha, mu uku daga Abbare: ni, da ƙanin matata, da wani bakanike da na yarda da kunnensa. Kano muka nufa, zan sayi a-kori-kura.

Doya nake nomawa a wajen Zing. Bara 'yan sari suka same ni a bakin gona suka yi mata kuɗin da suka ga dama, don sun san ba ni da abin kai ta Kasuwar Jalingo. Wadda na hana su, rabinta ya ruɓe ina jiran motar haya. Kuma ba rashin hali ya hana ni sayen mota ba. Shekara biyu ƙanin matata yana nuna mini bidiyo a waya, wai sababbin injuna masu aiki da iskar gas suna tafe. "Yaya, ƙara haƙuri, kada ka sayi tsohon yayi." Ni kuwa haƙuri ba ya mini wuya. Ga shi bana saura sati uku a fara haƙa.

Hanyar Numan ba sai na ba ku labari ba. Direba ya fi tafiya a gefen titi fiye da kan titin, kowane rami sai kaina ya gaisa da rufin mota. A gadar Numan muka sayi soyayyen kifi. Kifin da a da ake ba ka gyara da shi, yanzu mai tallar sai ta kalli takalminka kafin ta faɗi kuɗinsa. Muka wuce duwatsun Kaltungo, muka ci masa a Gombe. Shingayen hanya kuwa, na daina ƙirgawa tun kafin Darazo. Muka shiga Kano da magariba, ƙugu kamar ba nawa ba.

Washegari muka je filin da ake sayar da motoci. Wani dillali ya tare ni da "Alhaji, sannu da zuwa," ni da ban taɓa wuce Gombe ba sai jiya. Ya kai mu gaban mai iskar gas ɗin. Gaskiya tana da kyau, inji yana aiki kamar mage tana barci. Ƙanin matata har da ɗaukar hoto. Sai na leƙa bodi, na ga tukwane biyu na ƙarfe kwance a bayan direba, sun cinye wurin da zai ɗauki ƙwaryar doya guda, wato doya ɗari.

Na haɗiye wannan. A bangon rumfar dillalin akwai takarda mai sunayen garuruwan da ake ɗura iskar. Dillalin ya ce zai karanta mini, na ce ya bari, ina zuwa ajin yamma. Na sa yatsa na bi su ɗaya bayan ɗaya, sannu a hankali, har ƙasa. Na sake hawowa. Babu Jalingo. Babu ko garin da na san hanyarsa daga gonata.

"To idan ta ƙare mini a Zing fa?"

"Ai tana shan fetur ma, Alhaji. Iskar kuma ana shirin kai muku."

Ana shiri! Wato in biya kuɗin sabon inji, in riƙa zuba masa fetur ɗin da nake gudu, in kuma yi ta yawo da tukwane babu komai ciki a wurin doyata. Bakanike ya ƙara da cewa idan ta lalace, shi dai bai san inda zai sa sifana ba. Na juya wajen ƙanin matata, ya duƙufa a kan waya kamar an aiko masa da saƙon gaggawa. Abin da ya fi ƙona mini rai, irin tsohuwar motar da na ƙi saya shekara biyu da suka wuce, yanzu kuɗinta ya tashi har na ji kunyar sake tambaya.

Muka koma wajen tsofaffin. Dillalin ya nuna mana wata fara mai sheƙi, ya murɗa makulli ta tashi nan take. Bakanike ya ɗora bayan hannunsa a kan bonet, murfin inji.

"Baba, an ɗumama ta kafin mu zo. Mota da sanyin safiya ake jin gaskiyarta."

Ya sa sharaɗi kada kowa ya taɓa ta, mu dawo gobe kafin rana ta fito. Haka muka yi. Farar ta yi tari sau huɗu, ta turnuƙe mu da hayaƙi shuɗi. Kusa da ita akwai wata shuɗiya, fenti duk ya koɗe, ƙofarta sai an ɗaga kafin ta rufu. Bugu ɗaya ta tashi. Bakanike ya kara kunne ya daɗe yana saurare, sannan ya gyaɗa kai. Ita na saya.

Kwana biyu muka yi a hanyar dawowa, don ba mu matsa mata ba. Da muka tsaya a ƙofar gida, matata ta zagaya ta, ta ce, "Wannan ce ta bidiyon?" Ƙaninta ya ce yana da uzuri a unguwar Barade.

Ban ce sabon inji ba shi da amfani ba. Ranar da na ga inda ake ɗura iskar a garin nan da idona, na ga bakaniken da ya iya shi, za mu yi magana. Amma na yi shekara biyu ina tambayar yaushe zai zo, ban taɓa tambayar me zan ba shi ya sha ba, kuma doyata ce ta biya. Jibi zan je Zing in gyara hanyar shiga gona. 'Yan sari kuma bana su same ni a Kasuwar Jalingo.